Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamai masu bincike kan hulɗar ƙasa da ƙasa da dokar duniya

Zuwa ga shehunan malamai, da editocin mujallun ilimi, da masu sakin kuɗin bincike a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa da dokar duniya da tsare-tsarenta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara muku sani ya ja kwana. Ni dai ɗalibinku ne, duk da mafi yawanku ban taɓa zama a gabanku ba, rubutunku ne ya raine ni a wannan fanni, wasu dararen ma har asuba nake kaiwa ina fama da maƙala guda don in gane abin da malam yake nufi. To ɗalibi ba ya yi wa malaminsa tsawa, wannan na sani, amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya kuma na ga in na ci gaba da haɗiye shi ban yi muku adalci ba, ban yi wa kaina ba.

Zan fara da wata 'yar jimla da kowannenku ya haddace. A dokar da ta kafa Kotun Duniya da ke birnin Hague, sashe na 38, an jero wuraren da alƙali zai duba in zai yanke hukunci tsakanin ƙasashe, yarjejeniyoyi, sai abin da ƙasashe suka saba yi har ya zama doka, sai manyan ƙa'idojin shari'a, sannan daga ƙarshe aka ce zai iya taimakawa da hukunce-hukuncen kotuna da kuma koyarwar malaman da suka fi ƙwarewa na al'ummu daban-daban. Wato ku kenan fa. Ba kowane fanni ke da irin wannan gatan ba, a ce rubutun da malami ya yi a ofishinsa an ba shi gurbi a cikin dokar kotu mafi girma a duniya. Kuma ku dubi yadda aka faɗe ta, na al'ummu daban-daban aka ce, ba a ce na jami'o'i goma ba. Sai dai a wannan sashen dai, layi ɗaya sama da wannan, an ce ƙa'idojin shari'ar da za a duba su ne waɗanda al'ummun da suka waye suka yarda da su. An rubuta wannan a 1920, aka kwafo shi a 1945, har gobe yana nan ba a goge ba. Ni tambayata gare ku ita ce, tsakanin waɗannan kalamai biyu, wanne ne aikinku na yau da kullum ya fi kama da shi?

Mu ɗauki yadda ake koyar da tarihin fannin kansa. Ɗalibi na shiga aji za a ce masa komai ya fara ne daga sulhun Westphalia da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1648, uban dokar duniya Hugo Grotius ɗan Holand ne, sannan karatun hulɗar ƙasa da ƙasa an kafa masa kujerar farfesa ta farko a Aberystwyth da ke Wales a 1919 saboda mutane sun gaji da yaƙi suna neman zaman lafiya. Kujerar gaskiya ce, an kafa ta da sunan Woodrow Wilson, shugaban Amurka na lokacin. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibin ba shi ne a wannan shekarar dai ta 1919, a taron sulhu na Paris bayan yaƙin duniya na farko, Japan ta kawo shawarar a rubuta daidaiton jinsin mutane a kundin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, wakilai 11 cikin 17 suka amince, shi Wilson ɗin da ke shugabantar zaman ya ce ai sai kowa ya yarda, maganar ta mutu a nan. Ba a kuma gaya masa cewa mujallar Foreign Affairs da ta fara fita a 1922 ta gaji wata mujalla ce da aka kafa a 1910 da sunan mujallar ci gaban jinsuna, wadda babban abin da ya dame ta shi ne yadda za a tafiyar da mutanen da ake wa kallon na baya. Shi kuwa Grotius, rubutunsa kan 'yancin teku da ya fito a 1609 ya samo asali ne daga aikin kare kamfanin Holand na gabashin Indiya bayan sun ƙwace wani jirgin ruwan Fotugal mai suna Santa Catarina a 1603. Aikin lauya ne ya yi wa mai ba shi aiki. Wannan bai rage masa basira ba ko kaɗan, amma ɗalibi ya cancanci ya san wa ya biya kuɗin tawadar.

Kuma in ana maganar uba, Muhammad ɗan Hasan Shaibani almajirin Imam Abu Hanifa ya yi rubutu a kan yaƙi da sulhu da fursunoni da amanar da ake bai wa baƙo da manzo sama da shekara 800 kafin babban littafin Grotius na 1625. Masar da Hitiyawa, masu wata tsohuwar daula a inda Turkiyya take a yau, sun ƙulla yarjejeniyar sulhu sama da shekara 3000 da suka wuce, kwafinta ma yana rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk wannan in an yi sa'a yakan samu sakin layi ɗaya a gabatarwar littafi, a ce masa share fage, sannan a shiga abin da ake kira asalin karatu.

Na san wani zai ce to wannan ai tarihi ne, ya wuce, mu yi maganar yau. To bari in yi maganar yau ɗin, kuma a nan nake so ku ɗan tsaya ku saurare ni da kyau don shi ne abin da ya fi damuna.

Dokar da ake cewa ta samu daga al'adar ƙasashe, ba a rubuce take a wani kundi guda ba, sai an nemo ta. Ana nemo ta ne ta hanyar duba abin da ƙasashe suke yi da kuma ko suna yin sa ne don sun ɗauka doka ce ta wajabta. To wa ke nemowar? Ku ne, malamai. Kuma a ina kuke nemowa? A inda aka ajiye takardu. Amurka tana buga kundi na abin da ta yi da abin da ta faɗa kan dokar duniya, na Birtaniya ana tattara shi duk shekara, wasu ƙasashen Turai haka, ma'aikatun wajensu cike suke da lauyoyi da babu abin da suke yi sai wannan. Ga kuma ƙasar da duk sashen shari'a na ma'aikatar wajenta mutum kaɗan ne, ofishinta na New York jami'ai 'yan ƙalilan ne ke gudu tsakanin kwamitoci shida na babban zauren majalisa, ba ta da mai rubuta wasiƙar ƙin amincewa duk lokacin da wata babbar ƙasa ta yi wani abu. Sai mai bincike ya zo ya tara takardun ƙasashe goma ko goma sha biyar, ya duba sauran ya ga shiru, sai ya rubuta cewa ƙasashen duniya sun amince. Haka ake mayar da rashin ma'aikata ya zama yarda.

Ga misali a fili. Sashe na 2 sakin layi na 4 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, sashe na 51 ya bar ƙofar kare kai in an kawo maka hari. Sai aka fito da wata fassara cewa in ƙasa ba ta so ko ba ta iya murƙushe 'yan bindigar da ke cikinta ba, to wata ƙasar na iya shiga ta yi luguden wuta ko ba izini. Amurka ta dogara da wannan a wasiƙar da ta aika wa Kwamitin Sulhu a Satumbar 2014 kan hare-harenta a Siriya. Ƙasashen da suka fito ƙarara suka goyi bayan fassarar ba su da yawa, irin su Mexico da Brazil kuma sun fito sun ce ba su yarda ba, amma saboda yawan maimaita ta a mujallu da lakcoci, ɗalibi na iya gama digiri yana zaton doka ce zaunanniya. Kuma wace ƙasa ce wannan fassarar za ta faɗa wa a ka? Ai ba babbar ƙasa mai ƙarfi ba ce. Hukumar Dokar Duniya ta majalisa da kanta a 2018 ta ce shirun ƙasa ba ya zama hujjar yarda sai in ƙasar tana da halin yin magana kuma yanayin ya buƙaci ta yi. Ina roƙonku da girman Allah, duk wanda zai rubuta cewa al'ada ta kafu, ya gaya mana ƙasa nawa ya duba cikin 193, da wane harshe ya duba, kuma su waye bai samu takardunsu ba. In ya faɗi haka mu masu karatu za mu san nauyin da za mu ɗora wa maganarsa.

Don wallahi rubutunku ba a kan takarda yake tsayawa ba. A 2010 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike cewa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta kan durƙushe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙe wannan adadi suna kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Sai a 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya karɓi ainihin teburin lissafin ya gano an tsallake wasu ƙasashe wajen haɗa jimla, da aka gyara sai durƙushewar ta ɓace. Shekara uku kenan ana yanke wa mutane albashi da tallafi ana ambaton wannan adadi. Kuma abin da ya tona kuskuren ba komai ba ne illa an bai wa ɗalibi damar ganin alƙaluman.

Wannan ya kawo ni kan ƙofar da kuka rufe. Sau nawa zan bi sawun wata maƙala a intanet, take ya yi daidai da abin da nake nema, kan takunkumi ko kan bashi ko kan 'yan gudun hijira, in karanta taƙaitawar, in danna, sai a ce in biya dala 30 ko 40 kafin in ga sauran, maƙala ɗaya tak. Mai rubutun ba a biya shi ba, waɗanda suka tantance ta ba a biya su ba, sau da yawa ma da kuɗin jama'a aka yi binciken. Da aka yi ta kuka sai aka ce to za a buɗe wa mai karatu amma marubuci ne zai biya, dubban daloli, wato da an hana talaka karantawa yanzu an hana shi rubutawa. Na san akwai ƙoƙari, ɗakin karatu na sauti da bidiyo kan dokar duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2008 kyauta ne kuma na amfana da shi matuƙa, akwai mujallun da ba sa karɓar ko sisi daga kowane ɓangare, Allah ya saka musu. Amma manyan mujallun da ake ƙara wa malami girma da su, waɗanda alƙalai da lauyoyin gwamnatoci ke ambata, mafi yawansu har yanzu a kulle suke. Ga harshe kuma, Kotun Duniya da Turanci da Faransanci take aiki, mujallun da ake ji da su kusan duk Turanci ne, malamin da ya yi rubutu da Larabci ko Sifaniyanci ko Sinanci kamar bai yi ba. Manyan tarukan fannin kuwa galibi a biranen da sai an sha wuya kafin a samu biza ake yin su, sai ka ga an shirya zama kan rikicin wata ƙasa, ɗan ƙasar da aka gayyata kujerarsa babu kowa don ofishin jakadanci ya ƙi buga masa hatimi.

Akwai kuma mutanen da ban taɓa iya mantawa da su ba in ina karanta binciken da aka yi a fagen yaƙi, gabashin Kongo ne ko Afganistan ko Siriya. Wani ne ɗan wurin ya san hanya, ya san wa za a gaisar kafin a shiga, shi ya yi tafinta, shi ya zauna da matar da aka kashe wa miji ya ji labarinta, shi kuma zai ci gaba da zama a wurin bayan baƙo ya hau jirgi, in abin ya jawo fushin masu bindiga shi za su nema. In littafi ya fito sai ka tarar da sunansa a shafin godiya, in ma an sa. Haba malamai. Wanda ya ɗauki rabin aikin da dukan haɗarin ai marubuci ne, a sa sunansa a bango a kuma biya shi yadda ya kamata.

Kada ku ɗauka ina cikin masu cewa dokar duniya ƙarya ce, wai mai ƙarfi ne kawai ke cin kasuwarsa. Na fahimci abin da ke sa mutane faɗin haka. A 1960 Habasha da Laberiya sun kai Afirka ta Kudu ƙara a Kotun Duniya kan yadda take mulkin wariya a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, aka shekara shida ana shari'a, a 1966 alƙalai suka rabu bakwai da bakwai, shugaban kotun Percy Spender ɗan Ostireliya ya raba gardama da cewa masu ƙarar ba su da hurumi, ko kan zaluncin ba a yi magana ba. A 1986 Nikaraguwa ta yi nasara a kan Amurka a wannan kotun, Amurka ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu aka kasa zartar da hukuncin. Darfur a 2005 da Libiya a 2011 kwamitin ya miƙa su ga kotun manyan laifuka ta duniya alhali uku daga cikin masu kujerar dindindin biyar ba mambobin kotun ba ne, da aka zo kan Siriya a 2014 Rasha da Sin suka tare. Duk wanda ya ga wannan ya yanke ƙauna ba zan zarge shi ba.

Amma fa ita wannan kotun da ta kori Habasha da Laberiya, a 2022 ta ce Gambiya tana da hurumin ƙarar Myanmar kan kisan 'yan Rohingya duk da nisan da ke tsakaninsu, saboda hana kisan ƙare dangi haƙƙi ne da ke kan kowa. A 2019 alƙalai 13 cikin 14 sun ce raba tsibiran Chagos daga Mauritius da Birtaniya ta yi a 1965 bai halasta ba, kuma tsofaffin takardun gwamnati da aka tono daga ma'ajiya na cikin abin da ya tsayar da wannan hujja. Ra'ayin da kotun ta bayar kan sauyin yanayi a ranar 23 ga Yulin 2025, cewa ƙasashe na da nauyi na shari'a a kansu, ɗaliban lauya ne na Jami'ar Kudancin Pacific suka faro maganar a aji a 2019, Vanuatu ta ɗauka ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan sauyi ba daga sama ya faɗo ba. Mutane irin su Taslim Elias da Mohammed Bedjaoui, waɗanda dukansu sun shugabanci kotun, da R. P. Anand na Indiya, da waɗanda suka biyo bayansu irin su Antony Anghie da B. S. Chimni, sun shafe rayuwarsu suna rubutu lokacin da ake musu kallon 'yan gefe. Ko batun nan na alhakin kare fararen hula da shugabannin duniya suka amince da shi a 2005, Francis Deng ɗan Sudan ne da abokan aikinsa suka fara tsara cewa mulki amana ce da ake tambayar mai riƙe da ita, kuma Tarayyar Afirka ta rubuta haƙƙin shiga tsakani a kundinta tun 2000, amma ɗalibai nawa ake koya wa haka? To in ɗan wannan gurbin da aka buɗe ya haifar da wannan, me zai faru in kun buɗe ƙofar gaba ɗaya?

Kuma na ga malamai masu tsayawa a kan gaskiya ko da gwamnatinsu ce ta yi laifin. A Maris ɗin 2003, kwanaki kaɗan kafin a afka wa Iraƙi, malaman dokar duniya 16 sun buga wasiƙa a jaridar Guardian suna cewa yaƙin ba shi da madogara a doka, Elizabeth Wilmshurst kuma ta ajiye aikinta na lauya a ma'aikatar wajen Birtaniya a kan haka, Kofi Annan ya zo ya faɗi irin wannan a 2004. Irin wannan tsayuwar nake nema a kowane lokaci. Mudun da aka auna Rasha da shi a Yukiren a 2022, wanda daidai ne a auna ta da shi, shi za a auna Gaza da Sudan da Yemen, malamin da ya samu kalmomi masu kaifi a wancan kada harshensa ya yi nauyi a wannan don tsoron mai ba da tallafi ko shugaban jami'a. Ɗalibanku suna karanta duka biyun kuma suna lura.

Ku editoci, abu mafi sauƙi yana hannunku. Ku ɗauko fitowar mujallarku ta shekara goma da suka wuce ku ƙirga, marubuta nawa ne ke zaune suna koyarwa a ƙasashen da ake rubutu a kansu, ku buga adadin kowa ya gani. In maƙala ta zo daga jami'ar da ba ku taɓa jin sunanta ba, Turancinta da ɗan gargada amma hujjarta tsayayya, ku nemo mai gyara mata harshe maimakon ku mayar da ita da layi biyu. Ku masu kuɗi kuma, a cikin abin da kuke warewa ku sa na fassara, ku sa na taimaka wa ƙananan ƙasashe su tattara su buga matsayinsu na shari'a don a daina karanta shirunsu a matsayin yarda, kuma tallafin ya riƙa tafiya kai tsaye ga mai binciken da ke wurin ba sai ya ratsa ta hannun wata jami'a a wata nahiya ta cire kasonta ba. Ku malamai na aji, zangon karatu mai zuwa in za ku raba jerin abin da ɗalibai za su karanta, ku sa hukuncin 1966 da na Chagos a mako ɗaya, ku sa Shaibani kusa da Grotius, ku bar yaran su karanta da kansu su yi muku tambayoyi.

Ina jiran amsarku, ko ta wanda bai yarda da ni ba ce, zan karanta ta da ladabin ɗalibi in dai an buga ta a inda zan iya buɗewa.

Wassalam,
ɗalibinku mai bibiyar rubutunku.